Hannun Hagu a Kan Fiyano: Wa Ke Zaɓa wa Yatsu Mazauni?

Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu, makaɗa da mawaƙa da kuka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan da ke tsakani, barkanku da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Maganar da zan yi yau ƙarama ce a ido, don faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Duk wanda ya tsaya bayan mai kiɗan fiyano a wajen biki ko taron siyasa, ya bar kallon bakin mawaƙi ya dubi hannuwan makaɗin, abu guda zai gani. Hannun dama na ta kai da komo kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, hannun hagu kuwa, ko hauni kamar yadda muke cewa a nan yamma, yana kwance gefe da yatsa ɗaya a miƙe, sai can ya dangwali maɓalli ya koma ya kwanta. In ka tambayi yaron dalili, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce injin na yi masa, ko ya ce wurin na da wuya, yatsunsa ba sa kaiwa. Amsa ta biyun ce ta kawo ni gabanku. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, mafi yawan wuyar da hagu ke sha a kan fiyano daga rashin zaɓe take, gajartar yatsu kasonta kaɗan ne. Yatsan da za a ɗora kan maɓalli ana zaɓensa ne da duban inda hannu zai nufa bayan nan, da girman hannun mai shi, da abin da muryar mawaƙi ke bukata a ƙarƙashinta. Kuma wannan ilimi tsohon ɗan gida ne a ƙasar Zamfara, tun kafin a san akwai wani abu wai shi fiyano.

Mu fara daga gida. Bahaushe bai ɗauki hagu da daraja ba. Ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, yaron da ya tashi bahago kuwa yakan sha tsawa kafin ya koma dama. Wannan ladabi ne, yana da tushe a addini da al'ada, ba kuma shi na zo rushewa ba. Sai dai ku lura da wani abin mamaki: a fagen kiɗa, wannan hannu da aka mayar baya shi ne ke sa ganga ta yi magana. Ku dubi mai kalangu. Damansa na riƙe da makaɗi yana bugun fata, wannan kowane yaro zai iya koya cikin 'yan kwanaki. Amma kalangun na maƙale a hammatar hagu, damtse na matsawa yana sakewa, yatsun hagu na kan tsarkiya suna ja suna sassautawa. Da ya matsa sai sautin ya hau, da ya saki sai ya sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa, shi ya sa kalangun Kassu Zurmi ko na Sani Sabulu na Kanoma ke iya kiran sunan mutum a tsakiyar taro har ya waiwayo. Dama ke bugu, amma harshen yana hagu. Haka kotson da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa da shi, wanda Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka riƙa: hannu ɗaya na kan fatar da aka shafa wa nake, ɗayan na kula da tsarkiya, yana sauya muryar gangar tana bin muryar uban kiɗi. Taushin Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ma yatsun hannu biyu ne ke raba aikinsa.

A kayan tsarkiya abin ya fi fitowa fili. Goge izga ce guda a miƙe bisa ƙwarya mai fatar guza, an tokare ta da jaki. Babu wata alama a jikin sandar da za ta ce wa yatsa ga mazauninka. Dama na goga baka, hagu ke taɓa izgar, kuma faɗin ƙwayar gero kawai yatsa zai goce sautin ya ɓaci. Kukumar Hassan Wayam, da gurmin Haruna Uji, da kuntigin Ɗanmaraya Jos mai tsarkiya ɗaya tak, duk hagu ne ke nemo musu sauti. Mai goge ba ya ɗora manuninsa inda ya ga dama. Yana ajiye hannunsa inda sauti huɗu ko biyar na waƙar za su faɗo ƙarƙashin yatsunsa ba sai ya yi tsalle ba. Ya zaɓi mazauni ne domin waƙar gaba ɗayanta. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa kan fiyano.

Fiyano ta shigo kiɗan Hausa da ƙarfinta ne ta ƙofar finafinan Kano, daga tsakiyar shekarun 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda situdiyoyin Kano suka rungumi ƙananan injunan Casio da na Yamaha, musamman jerin da ake kira PSR, har kalmar "kiɗan fiyano" ta zama sunan wani salo sukutum. Daga Kano ta bazu zuwa Gusau da Sakkwato, ta gangaro har garuruwanmu, ta shiga biki da siyasa da wasu majalisun yabo, ta tarar da 'yar'uwarta da ta daɗe a coci-cocin ƙasar Zuru. Waɗannan injuna sun zo da wata dabara da ta sauƙaƙa rayuwa, ta kuma kashe hannu. An raba maɓallan gida biyu. A ɓangaren hagu, in ka kunna tsarin yatsa ɗaya, maɓalli guda za ka danna injin ya cika maka abin da masu sana'ar ke kira kod, wato sauti uku ko huɗu da ake bugawa tare, waɗanda ni zan kira dami, don kamar damin gero suke, zangarniya da yawa a ɗaure wuri ɗaya. A injin Yamaha, maɓalli ɗaya na ba ka damin da ake kira mejo. In ka haɗa da baƙin maɓalli na hagunsa ya ba ka maino. Ya ƙara maka ganguna da jita da duk wani rakiya. Yaro ya yi wata uku ya fara karɓar kuɗin biki. Ba na raina wannan, don abinci ne. Amma ya kwashe shekara goma yatsu huɗu na hagunsa ba su taɓa aiki ba, ran da aka ce ya buga damin da kansa sai ya ji kamar an ba shi hannun wani.

To me ya sa hagu ke wuya? Cikakkiyar fiyano maɓalli 88 gare ta, 52 farare, 36 baƙaƙe. Injunan da suka fi yawa a hannun yaranmu 61 ne. Sauti masu kauri suna hagu, sirara suna dama. Masu koyarwa sun ba yatsu lamba: babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ɗan auta 5. A hannun hagu, ɗan auta ne ke can ƙarshen hagu, ke nan sautin da ya fi kowane kauri, wanda shi ne gindin dami, ya faɗo kan yatsan da ya fi kowane gajarta da rauni. An ɗora wa auta ɗaukar ginshiƙin ɗaki. Maƙwabcinsa na zobe kuma ba shi da 'yancin kansa, don Allah ya halicci jijiyar da ke ɗaga shi a sarƙe da ta na tsakiya da ta auta a bayan hannu. Kowa ya kifa tafinsa a cinya yanzu ya gwada ɗaga na zobe shi kaɗai, zai ga iyakarsa. Wannan halitta ce, horo na rage ta, ba ya kawar da ita. Shi kuma babban yatsa gajere ne, daga gefe yake fitowa, baƙaƙen maɓallai kuwa suna can ciki, sun fi farare tudu, sun fi su siranta. Hannu mai yatsu biyar da ba su yi kama da juna ba, a kan maɓallan da su ma hawa biyu ne: dole a yi shawara kafin a sauka.

Shawara ta farko ita ce wadda mai goge ya riga ya koya mana, a dubi inda za a je. Ɗauki dammuna uku da suka fi yawo a waƙoƙin zamani, na C da na F da na G, haruffan da ake kiran fararen maɓallai da su. Yaron da bai samu mai nuna masa ba yakan kafa hannunsa siffa ɗaya, auta da na tsakiya da babba, wato 5-3-1, ya buga C-E-G, sannan ya ɗauke hannun ɗungurungum ya yi tsalle zuwa F-A-C, ya sake tsalle zuwa G-B-D. Kowane tsalle sai ya sunkuyar da kai ya duba, kowane dubawa sai kiɗan ya yi ɗan numfashin da bai kamata ba, mawaƙi ya ji an sake shi a sarari. Alhali sautukan dami ba dole ne su jeru yadda littafi ya fara jera su ba, ana iya juya su, na ƙasa ya koma sama. Bar auta a kan C kada ya motsa. Daga C-E-G, manuni ya sauka kan F, babban yatsa ya matsa gida ɗaya zuwa A: ga damin F ya samu, C-F-A, da yatsu 5-2-1. Daga nan auta ya zame gida ɗaya zuwa B, na tsakiya ya kama D, babba ya dawo G: ga damin G, da 5-3-1. Hannun bai bar unguwarsu ba. Ku lura da dalilin da ya sa manuni ya karɓi aikin a dami na biyu: ratar da ke tsakanin C da F ta fi faɗi, in aka ce na tsakiya ya kai can, sai ya ja auta ya baro gindinsa. Don haka tambayar "wane yatsa ake sa wa F?" ba ta da amsa sai an ji daga ina aka fito, ina kuma aka dosa. Har injin ma, in aka sa shi a tsarin da ke karanta yatsu uku, yana gane damin ko an juya shi.

Shawara ta biyu, hannun wa ake magana? Daga C zuwa C na gaba, tazarar da ake kira takwas, kimanin santimita 16 da rabi ne a cikakkiyar fiyano, injuna da yawa sun ɗan fi haka matsuwa. Daga C zuwa E na sama, tazarar goma, ya kai wajen santimita 21. Sergei Rachmaninoff na Rasha taƙinsa ya wuce nan nesa, ya kuma rubuta kiɗa daidai hannunsa. Josef Hofmann kuwa, wanda shi ma gwani ne na duniya a zamani guda, ƙaramin hannu gare shi, har kamfanin Steinway ya ƙera masa fiyano mai ƙananan maɓallai. In manya irin waɗannan ba su yi awo da mudu ɗaya ba, ina dalilin da za a ce yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ƙaton da ya yi damina ashirin yana riƙe da galma su bi lamba ɗaya? Shi manomin ma tasa matsalar daban ce. Taƙi yana da shi, ƙarfi yana da shi, amma yatsunsa sun yi kauri. Ba shi damin da ake kira E filat: auta a kan baƙi na biyu cikin baƙaƙe biyun nan, babban yatsa a kan baƙi na uku cikin baƙaƙe uku, na tsakiya kuma dole ya kutsa kan farin G a lungun da ke tsakanin baƙaƙe biyu. Nan yatsan zai cushe, ya danne maƙwabci, kiɗa ya yi ƙazanta. Ya maimaita sau dubu, lungun ba zai ƙara faɗi ba. Maganin shi ne ya juya damin, ya ɗauki baƙaƙen biyu da auta da manuni, ya bar wa babban yatsa farin G a bakin maɓalli inda fili yake. Hannun sai ya zauna kamar an auna masa. Mai ƙaramin hannu kuma, in dami mai sauti huɗu ya fi ƙarfin taƙinsa, ƙofofi a buɗe suke: ya miƙa wa babban yatsan dama sautin sama, ko ya yar da sautin da ke hawa na biyar daga gindi, wanda kunne bai cika kewarsa ba, ko ya bi sautukan ɗaya bayan ɗaya da sauri daga ƙasa zuwa sama kamar mai zazzage tsaba, ko ya danne farare biyu maƙwabta da gefen babban yatsa. Babu ha'inci a ko ɗaya, manyan makaɗa na yin su kullum. Ko a dami mai sauƙi irin C-E-G-C akan sa 5-4-2-1, amma in aka koma D, inda sauti na biyu ya hau baƙi, da yawa sukan ga 5-3-2-1 ya fi zama.

Shawara ta uku ita ce ta fi damuna, don a nan ne fiyano ke iya gyara waƙar Hausa ko ta ɓata ta. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya. Damin Turawa mai sauti uku an gina shi ne domin waƙa mai sauti bakwai, kuma sautin tsakiyarsa shi ke yanke hukunci ko mejo ne ko maino. In mawaƙinmu ya tsaya a wani sauti, injin kuma ya cusa masa na tsakiyar da ke gida ɗaya kusa da shi, sai su goga, ka ji wani tsami a kunne ko ba ka san sunansa ba. Dattawa da ke cewa kiɗan fiyano ba ya shiga jiki, sau da yawa wannan tsamin suke ji. Ƙari a kan haka, a can ƙasa inda sauti ke da kauri, in aka cunkusa sauti uku kusa da juna sai su dagule kamar ruwan gulbin Zamfara a tsakiyar Agusta. Saboda haka damin da ya fi dacewa da waƙarmu sau da yawa shi ne wanda aka cire masa ciki: gindi, da na biyar, da gindin a sama, yatsu 5-2-1. Ya bar wa murya fili, ya tsaya mata a ƙasa kamar yadda tsarkiyar garaya mai kauri ke tsayawa. Wani abin sha'awa, baƙaƙen maɓallan nan biyar, in ka bi su kaɗai, tsani ne mai sauti biyar, shi ya sa waƙar Hausa ke saurin faɗowa a kansu. Sai dai mai buga dami a kan baƙaƙe dole ya tura hannunsa ciki, ya bar bakin maɓallai, domin gajeren babban yatsa ya hau ba tare da an murɗe wuyan hannu ba. In ya tsaya a waje yana miƙo babban yatsa, tsintsiyar hannunsa za ta karkace, kafin a tashi biki ya ji ta tana zafi. Kun ga ke nan kunne ya rage wa hannu aiki. Rabin dammunan da yara ke kuka da su, waƙar ba ta ma neme su ba.

Na san akwai mai cewa, su Narambaɗa ba su ƙirga yatsu ba, ba su rubuta lamba ba, kuma har yau ba a yi kamarsu ba; wannan ƙirge-ƙirge zai mayar da makaɗi magatakarda. Rabin maganar gaskiya ce, ba su rubuta ba. Amma cewa ba su zaɓa ba, wannan kuskure ne. Yaron gidan kiɗa ba ya fara da uwar ganga. Kanzagi ko kuntuku ake ba shi, ya shekara yana bugun abu ɗaya, yana amshi, idonsa na kan hannun ubangidansa, in ya karkace a gyara masa. Zaɓen an yi shi tun kaka da kakanni, aka zuba masa a hannu yana ɗanye, har ya zama ba ya tunaninsa. Sakewar da muke gani a hannun gwani daga wannan horon ta fito. Fiyano a ƙasarmu ba ta da gidan gado, shekarunta ba su wuce talatin da wani abu ba a kiɗan Hausa, yawancin masu buga ta da kunne da kallon waya suka koya. Lamba ita ce ke tsaya musu a madadin ubangidan da ba su samu ba. Su ma Turawan da suka ƙera abin ba a rana ɗaya suka daidaita ba. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano ta farko a Italiya wajen 1700, amma a littafin da Carl Philipp Emanuel Bach ya fitar a 1753 yana ba da labarin cewa mahaifinsa ya tarar da manyan makaɗa da ba sa sa babban yatsa sai in tazara ta tilasta. Daga baya aka yi dokar hana shi hawa baƙin maɓalli, Frédéric Chopin ya zo ya karya ta, ya kuma riƙa fara wa ɗalibansa da tsanin B, inda dogayen yatsu ke kan baƙaƙe, don ya ga nan hannu ya fi zama yadda aka halicce shi. Claude Debussy a 1915 ya rubuta littafin darussa goma sha biyu bai sa lambar yatsa ko ɗaya ba, ya bar wa kowa ya nemi tasa. Ke nan ba lambar littafi nake kira a bauta wa ba. Ka gwada hanya biyu ko uku a hankali, ka tsayar da wadda ta dace da hannunka, ka rubuta ta, sannan kada ka sake ta. Mai sauya yatsu kullum hannunsa ba ya haddace komai, ranar biki sai ya tsaya yana shawara a tsakiyar waƙa, an kuwa ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda yanzu a kwamfuta ake haɗa kiɗa, a jera sauti da linzami ba tare da an taɓa maɓalli ba, masu rawa kuma ba ruwansu da yatsan da aka sa. Haka ne, mai rawa bai san yatsa ba, amma ya san lokacin da kiɗa ya bi mawaƙi da lokacin da mawaƙi ke bin kiɗa a guje. Mawaƙin Hausa na asali yakan ja baiti in ya ga mai kyauta ya taso, ya tsaya ya yi kirari, ya sassauta, ya koma. Makaɗan Mamman Shata suna binsa duk inda ya karkata domin hannuwansu ne ke kiɗan. Injin da aka kunna wa rakiya ba ya jiran kowa, tafiyarsa ɗaya kamar injin niƙa. Hannun hagu mai rai shi kaɗai zai mayar wa mawaƙi wannan sarari. Kuma shi mai haɗawa a kwamfutar, in bai taɓa jin dami a ƙarƙashin yatsunsa ba, abin da injin ya ba shi zai ɗauka, shi ya sa za ka ji waƙa goma daga situdiyo biyar gindinsu ɗaya.

Akwai kuma masu cewa a daure, zafi shi ne alamar ana koyo. Wannan ina roƙon a bar faɗa wa yara shi. Gajiya daban, zafin jijiya daban. Robert Schumann ya lalata hannunsa na dama wajen 1832 yana saurayi, burinsa na zama mai buga fiyano a dandali ya ƙare nan. Leon Fleisher na Amurka yatsun damansa biyu suka naɗe a 1964, ya kwashe kusan shekara talatin da hagu kaɗai yake fita fage. Abin lura, hagun ya riƙe shi, don akwai kiɗa mai yawa da aka rubuta wa hagu zalla, ciki har da wanda Maurice Ravel ya yi wa Paul Wittgenstein, mutumin da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hannun da zai iya cika zaure shi kaɗai, bai kamata a bar shi da dangwala maɓalli ɗaya ba, bai kuma kamata a karya shi da taurin kai ba. In dami ya sa wuyan hannu zafi, zaɓen yatsun ne bai yi ba, a sake shi.

Saura magana biyu masu nauyi da ba zan tsallake ba. A ƙasar da ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a 1999, ba a maganar kiɗa kamar malamai ba su ce komai ba. Sun ce, sun kuma saɓa wa juna tun da daɗewa kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, har fiyano a yabon Annabi an yi muhawara a kanta a Kano. Wannan fagensu ne, ba ni da fatawa a ciki. Wanda ya bi fahimtar barin kiɗa ya bari, mutuncinsa na nan. Maganata da wanda ya riga ya riƙi abin sana'a ce, shi kuwa kyautata aiki ya hau kansa kamar yadda ya hau kan maƙeri da maɗinki. Ta biyun ta fi ciwo. Mai hankali zai iya tambaya, a yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 a Bagega da Dareta da 'Yargalma, yankin da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka har Anka ta cika da 'yan gudun hijira, yanzu ne lokacin zancen yatsu? Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Amma ku dubi abin da tashin ƙauye ke tafiya da shi. Gona in an samu lafiya za a koma mata. Tsohon mai kotso da ya rasu a gudun hijira, yaransa sun watse neman abinci, abin da ke hannunsa ya tafi ke nan. Saurayin da ya iya sana'a sosai kuma, har ana nemansa daga Daki Takwas zuwa Nasarawar Burkullu, ya sami abin riƙewa a lokacin da daji da ramin zinariya ke kiran sa'o'insa.

Masana sun yi ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a littafinsu na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa ya kuma taskace waƙoƙinsu. Baitoci sun tsira, muryoyi sun tsira a faifai da kaset. Abin da ya fi ƙaranci a taskarmu shi ne hannun. Yau kusan kowane saurayi a zauren nan da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa, amma in ana kiɗa fuskar mawaƙi ake haskawa, da masu liƙi. Roƙona ga 'yan fiyanon Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne, kowa ya nemi dattijon mai kalangu ko kotso ko goge da ya rage a garinsu, ya je ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izini, ya tsuguna ta ɓangaren hagunsa. Ya ɗauki yatsun kusa-kusa, ya roƙe shi ya maimaita a hankali, ya tambaye shi me ya sa wannan yatsa ya riga wancan. In ya dawo gida ya kashe rakiyar injin, ya ɗora auta a kan baƙi na farko cikin ukun nan, manuni a kan na farko cikin biyun da ke gaba, babban yatsa a sama, ya nemi wannan waƙar da ya ɗauko.